Hanta da Hanji a Cikin Kwalba: Sabuwar Hanyar Nazarin Cututtukan Cima-zaune

Gabatarwa

Duk manomin dawa a ƙasar Zuru ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da mugun aiki, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irinta yakan yi shekaru a kwance cikin ƙasa bai tsira ba, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har sai saiwar dawa ko ta gero ko ta masara ta matso kusa da shi ta saki wani sinadari da ke tayar da shi daga barci. Daga nan sai ya tsira, ya kama saiwar, ya shiga tsotso. Saboda haka wanda ya so ya yi nazarin wuta-wuta, ya zuba irinta a tukunyar da babu komai sai ƙasa, zai gaji da ban ruwa bai ga tsiro ba. Tilas sai ya shuka mata dawa.

Irin wannan matsala ce ta daɗe tana ci wa masana kimiyyar halittu tuwo a ƙwarya game da wani rukuni na masu haddasa cuta, waɗanda a wannan maƙala za mu kira cima-zaune. Su ne halittun da ba su iya rayuwa sai a jikin wata halitta, su ci daga abincinta, su hayayyafa a cikinta, su bar ta da ciwo. Daga cikinsu akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar tsargiya, da tsutsotsin ciki, da ƙwayar sammore. Da yawansu ba su yarda da kowane masauki sai jikin ɗan Adam, shi kuwa jikin mutum mai rai ba wurin gwaji ba ne. Wannan maƙala za ta bayyana wa mai karatu yadda masana suka fara renon ƙananan gaɓoɓin mutum a ɗakin gwaje-gwaje domin su zama masaukin waɗannan baƙi, da abin da aka gano ta wannan hanya, da kuma inda abin ya shafe mu.

Nauyin da ke kan Jihar Kebbi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 kuma suka rasu. Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kimanin kashi 26 cikin 100 na masu kamuwa, da kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan. A cikin gida kuwa, binciken ƙasa na shekarar 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59. A Jihar Kebbi adadin ya kai kashi 49, wato kusan yaro ɗaya a cikin kowane biyu, kuma babu jihar da ta kai ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi da Bayelsa aka fara ba yara allurar rigakafin zazzaɓin, mai suna R21, a watan Disamba na 2024.

Masarautar Zuru, da ƙananan hukumominta huɗu na Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, tana kudu maso gabashin jihar, inda damina ta fi ta arewacin jihar tsawo da yawan ruwa. Ruwan da ke raya dawa da masara shi ne kuma yake cika kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, ya bar tafkuna da ƙoramun da yara ke wanka, dabbobi ke sha. Ashe ke nan duk wani ci gaba da aka samu wajen fahimtar cima-zaune, ko a wace ƙasa aka same shi, magana ce da ta shafi gidajenmu da garkunanmu.

Baƙon da ba ya sauka a gidan ɓera

An ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin mutum tun shekarar 1880, lokacin da wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya hango ta da madubin ƙara girma a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Amma sai a 1948 aka tabbatar cewa kafin ta shiga jini, hanta take fara sauka. Dubi wannan tazara ta shekara 68. Abin da ya jawo ta shi ne, jini ana iya ɗibarsa a duba, hanta kuwa a ɓoye take.

Nau'in da ya fi kisa a ƙasarmu, wato Plasmodium falciparum, ba ya kama ɓera. Mutum yake kamawa, sai wasu 'yan nau'o'in birai. Don haka masu bincike suka koma ga wata 'yar'uwarsa da aka samo a jikin ɓerayen daji a Kwango a 1948, suka riƙa sa wa ɓerayen ɗakin gwaji. An ƙaru ƙwarai da wannan dabara, sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙwayar da ke kama ɓera ba ta da wasu makaman da falsifaram ke amfani da su wajen manne wa jijiyoyin jinin mutum, hantar ɓera kuma tana sarrafa magani ta hanyar da ta saɓa wa tamu. Sau da yawa magani yakan warkar da ɓera, in an zo kan mutum ya gaza.

Wata hanyar ita ce renon ƙwayoyin halittar mutum, waɗanda masana ke kira sel, a shimfiɗe a gindin faranti. Su ne tubalan da aka gina jiki da su. Amma yawancin waɗanda ke jure irin wannan reno daga ciwon daji aka samo su, nau'i ɗaya ne tak, kuma a baje suke kamar shanya. Tubalan da aka baza a fili ba su zama ɗaki ba, balle baƙo ya sauka a ciki.

Darasin Vom da tulun kyandir

Tunanin a rena wa cima-zaune masaukinsa a kwalba yana da tarihi a Arewacin Nijeriya. A 1947 aka kafa cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Kaduna da reshe a Vom kusa da Jos. A Vom ɗin ne wani masani Ba'amurke, William Trager, ya rena sassan jikin ƙudan tsando a kwalba, ya zuba musu ƙwayar Trypanosoma vivax mai sa wa shanu sammore, ƙwayar kuma ta girma a ciki har ta kai matakin da take iya harbin dabba. An buga sakamakon a 1959.

Shekara 17 bayan haka, a 1976, shi wannan Trager da abokin aikinsa James Jensen suka yi nasarar renon falsifaram a cikin jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba tare da yankewa ba, a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka. Ba da jimawa ba suka sauƙaƙa hanyar har ta zama abin mamaki: a sa farantan cikin tulun gilas, a kunna kyandir a ciki, a rufe. Kyandir zai ci wani kaso na iskar shaƙa ya ƙara wadda muke fitarwa, sa'an nan ya mutu, ya bar yanayin da ƙwayar ke so. Kusan duk wani binciken magani da na rigakafin zazzaɓi da ya biyo baya ya ci gajiyar wannan aiki. Amma matakin jini kawai ya warware. Na hanta, da abin da ke faruwa a hanji da ƙwaƙwalwa da fata, suka ci gaba da jira.

Yadda ake renon gaɓa a kwalba

Fatar da ta lulluɓe cikin hanjin mutum takan sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5. Masu wannan aiki wasu sel ne na musamman da ke zaune a gindin 'yan ramukan da ke bangon hanji. Za mu kira su iyayen sel, domin suna haifar irinsu, kuma suna haifar duk sauran nau'o'in da bangon ke bukata: masu tsotsar abinci, da masu fitar da majina, da masu kashe ƙwayoyin cuta.

A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers, a Cibiyar Hubrecht da ke Utrecht a ƙasar Holan, suka ɗauki uwar sel ƙwaya ɗaya daga hanjin ɓera, suka dasa ta cikin wani abu mai kauri kamar kamu, suka ba ta sinadaran da take samu daga maƙwabtanta a cikin jiki. Sai ta rarrabu, 'ya'yanta suka jera kansu da kansu, suka zama 'yar ƙwallo mai rami a tsakiya da 'yan tsirai a gefe, tsarinta irin na hanji. A 2011 aka yi haka da hanjin mutum. Wannan ita ce oganoyid, wato 'yar gaɓa. Girmanta bai cika wuce ƙwayar gero ba, ana iya raba ta a sake dasawa wata da watanni, ana kuma iya daskarar da ita a ajiye shekaru.

Akwai hanya ta biyu. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa da sinadaran gado guda 4 ana iya mayar da sel ɗin fata baya, ya koma kamar na farkon halitta mai iya zama kowace gaɓa. Ya yi haka da na mutum a 2007, ya kuma sami kyautar Nobel a 2012. Da wannan hanya ce Madeline Lancaster da Juergen Knoblich suka rena 'yar ƙwaƙwalwa a birnin Biyana na Ostiriya a 2013. Hanya ta uku kuwa ta injiniyoyi ce: a sassaƙa 'yan magudanai masu kaurin gashi a cikin roba ko wani abu mai taushi, a shimfiɗa sel a bangonsu, a riƙa tura ruwa ko jini ta ciki kamar yadda zuciya ke yi. An fara da huhu a Jami'ar Harvard a 2010.

Mai karatu zai iya tambaya, shin wannan ba shiga hurumin halitta ba ne? Amsar ita ce babu wanda ya ƙirƙiri sel ko ɗaya. Aikin ya yi kama da na manomin da ya yanki karan rogo ya dasa. Ikon tsirowa yana cikin karan tun asali, nasa kawai ya gyara ƙasa ya ba da ruwa. 'Yar gaɓa ba ta ji, ba ta gani, kuma ba za ta taɓa zama mutum ba.

Gudawar yara da 'yar hanji

Babbar nasarar farko an same ta ne a kan wata ƙwaya mai suna Cryptosporidium, wadda za mu taƙaita da kirifto. Ƙanƙantarta ta kai a jera guda 200 kafin a cika milimita ɗaya. Ana shan ta a gurɓataccen ruwa, tana fitowa daga bayan gidan mutum ko kashin 'yan maruƙa, kuma ƙwanta yana jure sinadarin kulorin da ake tace ruwan famfo da shi. A 1993 ta kama mutum sama da 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka ta hanyar ruwan famfo. A 2013 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Gambiya da Mali da Kenya da Mozambik da Indiya da Bangaladash da Pakistan, wanda ya nuna cewa kirifto na cikin cututtuka 4 da ke kan gaba wajen sa ƙananan yara gudawa mai tsanani. Yaron da ya tsira ma yakan tsumbure. Ba ta da rigakafi, maganinta ɗaya da aka amince da shi kuma ba ya aiki sosai ga yaran da ke fama da tamowa, alhali su suka fi bukatarsa.

Shekaru da dama masu bincike ba su da wata hanyar samun ƙwayar da yawa sai su sa wa 'yan maruƙa su tara daga kashinsu, domin a faranti takan yi kwana kaɗan ta tsaya. A 2018 ɗakin gwajin Clevers ya tsira 'yan hanjin mutum da allura mai tsananin siriri, ya zuba kirifto a ramin tsakiya. Ƙwayar ta shiga bangon, ta yi ta rarrabuwa, ta fitar da maza da mata, suka haɗu, suka samar da sababbin ƙwai waɗanda da aka ba ɓeraye suka kamu. Wato ta kammala zagayen rayuwarta a gaban idon mai bincike. Yanzu ana iya gwada magani a kan kowane mataki, a ga wanda ya fi rauni.

Mako guda na shiru a cikin hanta

Idan sauro ya ciji yaro, ƙwayoyin da yake zubawa kaɗan ne. Suna bin jini zuwa hanta, kowace ta shige cikin sel ɗaya ta yi kimanin mako guda tana rarrabuwa, har guda ɗaya ta zama kusan 30,000. Duk tsawon wannan mako yaro yana wasansa, babu zazzaɓi. Sai sun fashe sun afka wa jini ciwo ke bayyana. A fili yake cewa mafi kyawun wurin tare abokin gaba shi ne wannan ƙofa, tun yana ɗan tsiraru. Allurar R21 da ake ba yaranmu a wata na 5 da na 6 da na 7 da na 15 a nan take aiki, tana koya wa jiki ya gane rigar ƙwayar ya kama ta kafin ta shige hanta. An ƙirƙiro ta a Jami'ar Okusfod, an kuma gwada ta a Nanoro ta Burkina Faso ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto.

Matsalar ita ce sel ɗin hantar mutum, da zarar an fitar da su daga jiki, sukan manta aikinsu cikin kwanaki kaɗan. Dominique Mazier ta fara renon matakin hanta a cikinsu a Faransa a 1984 da 1985. A 2013 ɗakin gwajin Sangeeta Bhatia a Amurka ya jera su tsibiri-tsibiri, ya kewaye kowane tsibiri da wasu sel masu tallafa masa, sai suka riƙe aikinsu har makonni. A kan irin wannan 'yar hanta ana iya ɗiga jinin wanda aka yi wa rigakafi a ƙirga ƙwayoyi nawa suka iya shiga, ana kuma iya ganin ko sabon magani yana kashe ƙwayar ba tare da ya illata hantar ba.

Zazzaɓin da ke hawa kai

Iyaye mata sun san zazzaɓin da ke sa yaro taune-taune da sanƙarewa har ya suma, wanda a wurare da yawa ake danganta shi da iska, a ɓata lokacin da ya kamata a ce an kai shi asibiti. Abin da ke faruwa shi ne falsifaram tana sa jar ƙwayar jinin da ta shiga ta yi ƙaya-ƙaya mai danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 2015 wani bincike da aka yi a Blantyre ta Malawi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya duba yara 168 masu wannan ciwo. Daga cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai. Amma yadda mannewa ke kai ga kumburi, ba a iya kallonsa a kan yaro mai rai.

A 2019 Maria Bernabeu da abokan aikinta a birnin Seattle na Amurka suka gina 'yan magudanai, suka shimfiɗa musu sel ɗin jijiyar ƙwaƙwalwar mutum, suka tura jinin da ke ɗauke da ƙwayar ta ciki. Suka ga inda yake mannewa, da ƙarfin gudun da ke iya ɓamɓare shi, da kuma ƙofofin da yake kamawa a jikin bangon. Fatar da ake yi ita ce a sami maganin da za a haɗa da allurar atesunet, wanda zai kare bangon jijiya yayin da ita take kashe ƙwayar.

Fata, kyanwa da tunkiya

A 2023 masu bincike a Jami'ar Wurzburg ta Jamus suka gina fatar mutum a ɗakin gwaji, suka bar ƙudan tsando mai ɗauke da ƙwayar dangin ciwon barci ya cije ta. Suka ga cewa wasu ƙwayoyin sukan lafa a cikin fatar, su rage ci da rarrabuwa, su daɗe a raye. Wannan ya ƙarfafa abin da aka fara gani a 2016, cewa mutum na iya ɗauke da ƙwayar a fatarsa alhali gwajin jininsa bai nuna komai ba.

Wata ƙwayar, Toxoplasma, tana sa tumaki da awaki ɓari, tana kuma iya illata ɗan tayin mace. Tana kama kusan kowace dabba mai jini mai ɗumi, amma aurenta sai a hanjin kyanwa. An daɗe ba a san dalili ba. A 2019 Laura Knoll ta Jami'ar Wisconsin ta yi amfani da 'yan hanjin kyanwa ta gano cewa wani nau'in kitse ne ke taruwa a jikin kyanwa saboda hanjinta ba ya sarrafa shi, kuma shi ne alamar da ƙwayar ke jira, kamar dai yadda irin wuta-wuta ke jiran saiwar dawa. A 2021 kuma Cibiyar Moredun ta Sikotilan ta rena 'yan tumbi da 'yan hanjin tunkiya domin nazarin tsutsar ciki. Wannan ya nuna hanyar tana da amfani ga makiyayi kamar yadda take da shi ga likita.

Tsargiya: filin da ke jiran manoma

Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira. Ƙwanta yana fita a fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai wanki. Manyan tsutsotsin suna zama a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwan da suka maƙale a bangonta su ke jawo fitsarin jini. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar wannan jini alamar balagar ɗa namiji, alhali ciwo ne da ke iya lalata ƙoda, ya taɓa mahaifar mace, kuma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin tabbatattun masu jawo dajin mafitsara. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu bukatar maganinsa. Maganin firazikwantel da ake rabawa a makarantu yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya hana sake kamuwa.

A jikin ɓera wannan tsutsa ba ta cika zuwa mafitsara ba, shi ya sa har yanzu akwai sauran aiki wajen gano yadda ƙwai ke mayar da lafiyayyen bango ya zama daji. Tun 2018 ake renon 'yan mafitsara daga dajin mafitsarar marasa lafiya. Haɗa irin wannan gaɓa da ƙwan tsargiya tambaya ce da ta fi dacewa da masu binciken da ke zaune inda cutar take.

Iyakar wannan hanya

Bai kamata mai karatu ya ɗauka an gama da cuta ba. 'Yar gaɓa ba ta da sojojin garkuwar jiki sai in an zuba mata, ba ta da ɗimbin ƙwayoyin nan masu amfani da ke zaune a hanjin kowa, kuma da yake yawanci babu jijiyar da ke kai mata iska, in ta girma sai tsakiyarta ta mutu. Wadda aka yi ta hanyar Yamanaka takan yi kama da gaɓar ɗan tayi fiye da ta baligi. Ba za ta nuna abin da ke gudana tsakanin hanta da saifa da ƙoda a lokaci ɗaya ba. Amfaninta shi ne ta tace magunguna ɗari a fitar da biyar masu alamar kirki, ta rage yawan dabbobin da ake kashewa, ta kuma rage haɗari ga mutanen farko da za a gwada maganin a kansu. A ƙarshen 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta yarda a karɓi sakamakon irin waɗannan hanyoyi a madadin gwajin dabba kafin a kai ga mutum. Gwaji a kan mutane kuwa yana nan daram.

Ga kuma tsada. Akwatin reno yana bukatar zafin digiri 37 dare da rana, ajiya tana bukatar ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, sinadaran kuma daga waje ake sayo su cikin ƙanƙara. Ɗaukewar wuta ta yini ɗaya na iya rusa aikin wata uku.

Amana

Naman da ake renon daga jikin wani ya fito, ko dai ɗan abin da likita ya tsinko yayin duba hanji, ko ragowar aikin tiyata. A 1951 aka ɗauki sel daga jikin Henrietta Lacks, wata baƙar fata Ba'amurkiya mai ciwon daji, ba da saninta ba, kuma har yau ana amfani da su a duniya. A gida ma ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda shari'arsa da gwamnatin jihar ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka wajibi ne a yi wa mai bayarwa bayani da harshen da yake ji, Hausa ne ko C'lela, a gaya masa inda za a kai naman, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, da haƙƙinsa na ya ce a'a ba tare da an rage masa kulawa ba. Tun 2007 Nijeriya take da ƙa'idojin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, abin da ya rage shi ne a bi su sau da ƙafa.

Ina rabonmu?

Da ɗan gari akan ci gari. Yawancin sel ɗin da ake aiki da su a manyan ɗakunan gwaji na Turawa ne, ƙwayoyin cutar kuma sun yi shekaru a kwalba har sun sauya hali. Alhali jikunan mutane sun bambanta wajen karɓar cuta. An san mai ɗauke da rabin gadon sikila yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, kuma wani bincike na 1996 a Burkina Faso ya nuna Fulani ba su kamuwa kamar maƙwabtansu Mosawa, duk da sauro ɗaya ke cizonsu. Irin waɗannan tambayoyi ba za su amsu da hantar Bature ba.

Muna da harsashi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar nazarin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a can ne marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok ya yi aikinsa kan ƙwayar sammore da ya sa ya ci kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da asibitin koyarwa da tsangayar likitancin dabbobi. Ita kuwa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, hanya mafi kusa gare ta ita ce ta dabbobi, tun da hanjin sa da na tunkiya ana samunsu kullum a mayanka, kuma kirifto ɗin ɗan maraƙi tana kama yaro. Kafin a kai ga sayen akwatin reno ma akwai aikin da za a fara: a san waɗanne tafkuna ne ke da katantanwar tsargiya, a tara ƙwayoyin cuta na gida a adana su yadda ya dace, a tura matasa su koyo hannu, a kuma ƙulla yarjejeniyar da za ta sa sunan mai bincikenmu da amfanin jama'armu su kasance cikin duk abin da aka gano.

Kammalawa

Daga sassan ƙudan tsando a Vom a 1959 zuwa fatar da ƙudan tsando ya ciza a Jamus a 2023, darasin guda ne: wanda ya san masaukin baƙo, ya san ƙofar da zai rufe masa. Amma daga ɗakin gwaji zuwa shagon magani tafiya ce da takan ɗauki shekara goma ko fiye. Kafin nan, abin da ke hannunmu yana ceton rai: a kwana cikin gidan sauro, a kai yaro ya cika allurarsa huɗu, a yi gwajin jini kafin shan maganin zazzaɓi, a garzaya asibiti da yaron da ya fara taune-taune, a tafasa ruwan shan jarirai, a bar yara su karɓi maganin tsargiya idan an kawo makaranta. Kira kuma ga gwamnatoci da hukumomin jami'o'inmu shi ne su tanadi wuta mai ɗorewa da kuɗin bincike tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.